Auta Bai Taɓa Shiga Wasansa Ba

Malamai, iyayenmu, shugaban kamfanin da ke buga littattafansa, matar ƙanena da 'ya'yansa, abokan teburinsa, ina gaishe ku.

Da likita ya faɗa mini Auta ya rasu, na ce to, har na tambayi lokacin da zai sha maganinsa. Ban gane ya tafi ba sai da na zazzage aljihun rigarsa, ƙwayoyin wasa irin na ludo suka zubo ƙasa, na ga babu mai cewa, "Yaya, a hankali, kayan aikina ne."

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san aikinsa. Wasa yake ƙirƙira: mutane su kewaye tebur, kowa ya zama wani a cikin labari, mutum ɗaya yana jan labarin, ƙwaya ta yanke hukunci. Ya kasance mai haƙuri. Kowace doka ya rubuta sai ya karanta mini, in na ce ban gane ba ya yaga takardar. Ya kasance mai buɗe ƙofa. Marasa lafiya a asibiti ma ya kai musu wasa, suka yi dariya da ƙarin ruwa a hannu.

Amma mu, jama'a, mun ƙware shi. Kullum shi ke jan labari. Ya sassaƙa wa kansa ɗan mutum-mutumi na katako, wai mai kwale-kwale ne da ke tsoron ruwa. Yakan ɗora shi a tebur ya ce, "Yau wa zai ja, ni ma in shiga?" Sai mu fashe da dariya, mu ce, "Auta, in direba ya koma kujerar baya, wa zai tuƙa?" Shi ma ya yi dariya, ya mayar da mai kwale-kwalen kan kantar da yake ajiye shi. Mun ɗauka raha yake. Ashe roƙo ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Ƙanwata, matar Auta, ki yi haƙuri, ke kaɗai kika riƙa cewa mu bar shi ya huta. 'Ya'yan Auta, 'ya'yana, ku yafe mana.

Na gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi hutun da ba mu ba shi ba. Amin.

Labarin da ya so ya shiga, har yau babu wanda ya fara shi a cikinmu.