Harsashin da Ya Ƙi Fita

A wani shagon bindigogi a jihar Idaho ta Amurka, dattijo Merle yana zaɓen harsashin dalma na bindigar toka don farautar elk, barewar tsauni mai girman saniya, sai wani saurayi ya tsoma baki.

"Baba, kada ka sayi mai nauyin nan. Bara ga barewa gabana, na ɗura shi, na danna, ya ƙi fita! Yanzu matata ta rantse in ban kawo nama bana ba, sayar da bindigar za ta yi."

"Ɗana, albarushi nawa ka zuba kafin harsashin?"

"Ni ba na ɓarna. Har na dawo gida gwangwanin albarushin ko buɗe shi ban..."

Merle ya ɗaga murya:

"Shekara guda kana zagin dalma, alhali kai ne mai laifi!"

"Baba, don Allah rage murya. Tana cikin mota."