Allon da Na Sare wa Ƙafafu

Mai girma wakilin sarki, ranka ya daɗe. Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta Malam. Baba Mainassara, wanda ɓacin ransa ya tara mu. Dattawan Dogo-Dogo da jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da kuka bar ni, Manzo, in yi magana, Manzon da ya leƙa lakwal, makarantar Nasara ta Magarya, ya fito da "wi mushe" da tabon bulala, sauran Faransancin ya bar wa masu shi.

Ɗana, wanda kuke kira Mushe Muttaƙa, wato Malam Muttaƙa da bakin Nasara, da ya gama karatu a Damagaram, an ce ya zama magatakardan kumandan, ya ƙi. An ce tafinta, ya ƙi. Kawunsa na Babura ya kira shi awon gyaɗa, ya ƙi. Shi dai manya zai koya wa karatu, a garinsu. Na ce, "Duk aikin Nasara ba ka ga wanda ake ƙiba a cikinsa ba?" Ya ce, "Baba, so nake ka karanta ma'auni da idonka."

To, ranar da aka buɗe karatun, kuna zaune a tabarma, sai ya miƙe a kanku, da takalmi a ƙafa, da sanda a hannu, ya ce wa Baba Mainassara, "Tashi ka maimaita." Baba ya tashi, amma gida ya nufa, kuka bi shi. Tun daga ranar, rumfar karatun nan sai awaki. Yanzu saƙo ya zo daga Magarya: in mai duba lakwal ya iso ranar kasuwar Dungas ya tarar ba kowa, za a rufe karatun, a tura yaron Bilma, can cikin hamada. Uwarsa ta daina cin tuwo.

Magana ta farko, ya yi laifi. Ba a tsaya wa dattijo a ka, ba a shiga gabansa da takalmi. Wanda ya ce ba laifi ba ne, ni zan fara zaginsa.

Ta biyu, ba raini ba ne. Haka aka koya masa: a lakwal mai koyarwa tsaye, mai koyo zaune. Ga allon ma Nasara ya yi masa ƙafafu kamar raƙumi. Wa zai yi rubutu a kai yana durƙushe?

Saboda haka da safen nan na ɗauki gatari na sare ƙafafun. Allon gwamnati ne, na sani. In kumandan ya tambaya, wakili, kada a wahalar da kowa, a ce Manzo ne. Bayana ya saba. Ga allon can jingine a ƙasa, ga takalman yaron a hannuna. Zaune zai koyar, ku kuna tabarma, shi yana turɓaya.

Ni gobe bayan la'asar zan zauna gaban ɗan cikina, ya gyara mini baki a bainar jama'a. Baba Mainassara, kada ka bar ni ni kaɗai da awaki.

Allah ya huci zuciyar manya, ya ba mu damina mai albarka, ya sassauta hannun kumandan. Na gode.