Famfo a Ƙetaren Kwalta

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ka yi haƙuri da na ɗora maka karatun takardar nan. Ni ce Hajara daga Tambuwal, ina koya wa yara allo a cikin gida.

Bana aka kawo wa unguwarmu famfo. Masu awo suka zo, suka tambayi dattawa a ƙofar masallaci inda za a kafa shi. To Malam, dattawan nan ba su ɗaukar tulu, mu mata kuma muna kulle. Yara ke ɗebo ruwa.

Ɗiyata Asabe, mai shekara tara, ta matsa ta ce, "Baba, ku sa shi gefen nan, can sai mun tsallaka kwalta." Aka yi dariya, wani ya ce, "Ke, yaushe aka zaɓe ki kansila? Wuce gida!"

Can ɗin aka kafa shi. Yanzu kowace safiya ina tsaye bayan ƙyaure, ina sauraren birkin manyan motoci har yaran su dawo. Shekaranjiya tulun Asabe ya fashe a tsakiyar titi, Allah dai ya tsare ta.

Na gaji, Malam. Wa ake kai wa maganar yara ya saurara? Don Allah ka amsa mini da wuri, domin gobe ma sai sun tsallaka.