Ban Yarda a Sa wa Jikana Sunan Ubansa Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Haruna daga Getso, da hannuna na rubuto, albarkacin ajin yamma.

Allah ya ba ni jika namiji, ina ta murna. Amma ubansa, ɗana Sule, da tsadar rayuwa ta kora, direba ne a kamfanin 'yan Sin a Iraƙi. Kun ce a rediyo Sin ta ƙi shiga yaƙin da Amurka ke yi a can, ta kwashe mutanenta. To direbobinsu fa? Tun da aka fara yaƙin ba mu ji muryarsa ba.

Jibi ne suna. Ƙanena ya ce, "Yaya, a sa wa yaron Sule." A gidanmu sai uba ya rasu ake haka, shi ya sa na ƙi.

Don Allah, wa zan tambaya kafin jibi?