Haruffan da Ke Yi wa Ladidi Iyo

Salamu alaikum, kamarad mai karanta wasiƙu. Sani Tela ne daga Zongon Kwatano.

'Yata Ladidi ta maimaita aji ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, malaminta ya ce lalaci ne. Rannan muna bakin ruwan kasuwar Dantokpa ta ce, "Baba, haruffa iyo suke yi mini a allo, kamar kifayen nan." Na kwaikwayi haruffan littafinta na yanka mata su da ƙyallen atamfa, tana shafa su da yatsa. Yanzu ta kama haruffa tara, har mafarkinsu take yi.

Malamai, ku ajiye bulala, ku tambayi yaro abin da yake gani. Ni ma haruffa sun yi mini iyo ina yaro, ba wanda ya tambaye ni. Wasiƙar nan ma maƙwabcina ne ya rubuta mini.