Saƙon Rudaina Ga 'Yarta Tala

Malam liman, mai gari, dattawan dangin Sawalha, Hajiya Zarifa mahaifiyar marigayiya, jama'a, assalamu alaikum. Ni ce Wisal. Shekara uku muna ɗaki ɗaya da Rudaina a gidan yari, ni na fito da ƙafata, ita aka fito da ita a makara. Yau kwana arba'in ke nan.

Ta kasance ungozomarmu. Rabin yaran nan a hannunta suka faɗo, har da wanda ta karɓa a bayan mota a shingen sojoji. Ta kasance mai faɗa, kada mu yi mata ƙarya don ta mutu. Ta kasance uwa, amma 'yarta Tala na da shekara huɗu aka kama Rudaina.

Kun san dokar ziyara: gilashi a tsakani, magana ta waya. Yaron da bai cika takwas ba ne kawai ake shigarwa minti goma na ƙarshe, uwarsa ta rungume shi. Minti goman nan Rudaina ta zauna jira. Kullum sai ta kama kaina tana gwada kitso, wai ta saba da sauri don ta yi wa Tala kitso a cikin minti goman. In na ce da zafi, ta ce, "Ke Wisal, ƙatuwar banza, zauna mana."

Takardar izini kuwa sai da ta ga dama ta fito, Tala ta cika takwas da kwana goma sha ɗaya. Hajiya ta yi ta koya mata a mota cewa in an tambaye ta ta ce bakwai. Kowaccenmu haka za ta yi, Hajiya, ba mai ganin laifinki. Mai gadi ya tambaya, yarinya ta ce takwas. Aka rufe ƙofa. Bayan wata huɗu ciwon da suka ƙi dubawa ya kashe Rudaina, ba ta taɓa 'yarta ba. Wallahi har yau raina a ɓace yake.

An ce mini tun ranar yarinyar nan ba ta yarda a tambaye ta shekarunta. Tala, ɗago ki dube ni. Da saƙo na zo. Ranar uwarki ta dawo ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta ce, "Takardar shekarunta na hannun mai gadin tun kafin ya tambaya. Ko bakwai ta ce ba zai buɗe ba. In kin riga ni fita ki gaya mata." Ba ke kika rufe ƙofar nan ba, 'yata. Na sauke amana a gaban kowa.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Rudaina, Ya raya Tala, Ya fito da waɗanda muka baro a ciki tun 'ya'yansu ba su cika takwas ba. Amin.