Injin Huɗa a Ƙofar Mai Walda

A shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata, sai ga Malam Zakiyyu a unguwar Briqueterie, ya janyo injin huɗa da igiya a bayan tsohuwar motarsa. Ya tsaya wurin Sadisu mai walda, yana ta sunkuyar da kai.

"Maigida, gyara mini ɗaurin nan, gona zan kai shi."

"Da igiya, Baba? Ba sandar ƙarfe, ba fitila a baya, ko jan ƙyalle babu! Ai ƙwace shi za a yi kafin ka bar gari."

"Na sani."

"Ka sani? Ni wani mugun jami'in kula da hanya ya koya mini a unguwar Elig-Edzoa. Ya tsayar da ni, ya sa na maimaita dokar da Faransanci, jama'a na dariya. Gajere ne, mai tabo a goshi kamar..."

Idon Sadisu ya tsaya a kan tabon goshin dattijon. Malam Zakiyyu ya janyo hula har kan gira.

"An sallame mu, ɗana. Gonar ma ta surukina ce."

Sadisu ya ɗauko sandar ƙarfe.

"Shiga daga ciki, Baba, kada direbobi su gan ka. Ba ni kaɗai ka koya wa ba."